Ruwan da ke cikin takarda: kundin aikin taransifomarmu a Bukuru

Litinin, 4 ga Agusta 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda abin da na gani yau da safe a bayan masana'antarmu ta abincin kaji. Taransifomar da ke ɗauke da mu gaba ɗaya mai ƙarfin MVA 2.5 ce, tana karɓar wuta daga layin 33 kV ta sauke ta zuwa 11 kV. Ta hannu aka sayo ta. Farantin jikinta ya nuna an ƙera ta a 2001, man da ke cikinta kuma kilo 1,650 ne.

Na je duba ma'aunin mai, sai idona ya faɗa kan kwalbar numfashi, wadda tankin sama ke shaƙar iska ta cikinta. Silika jel ɗin da ke cikinta don tsane danshin iska, wanda ya kamata a gan shi shuɗi, ya koma ruwan hoda tun daga ƙasa har sama, ɗan kofin man da ke gindin kwalbar kuma ya bushe ƙayau. Taransifoma kan yi numfashi: in ta yi zafi mai ya kumbura ya tura iska waje, in ta huce ya ja iska ciki. Ke nan tun watan Afrilu da ruwa ya sauka take shaƙar iskar daminar Jos ba tare da wani abu ya tsane ta ba. Wata biyar ke nan da kama aikina a nan, kuma ya kamata a ce na lura tun makon farko.

Mun gwada ƙarfin man na hana wuta ratsawa da na'urarmu, a tazarar milimita 2.5 tsakanin kawunanta biyu, sau shida. Matsakaicin inda ya fashe, wato wuta ta ratsa shi, 33 kV. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da man taransifoma, IEC 60422, na son a haura 40 ga irin wannan taransifoma, ƙasa da 30 kuwa ya lalace. Muna tsakiya. Abin da nake so in sani shi ne yawan ruwan da ya shiga takardar da aka naɗe wayoyin da ita.

Laraba, 6 ga Agusta

An ɗebi mai, an kai tasha, an ba direban Abuja ya kai ɗakin gwaje-gwaje. Gwaji ₦35,000, kuɗin saƙo ₦5,000. Ina wajen gyaran motar injin niƙa, don haka yarona na tura.

Talata, 12 ga Agusta

Sakamako ya zo: ruwa 58 ppm, wato miligiram 58 a kowane kilo na mai. Ƙasan takardar, a gurbin zafin mai lokacin ɗiba, sun ja layi kawai, domin ba mu rubuta musu ba.

Adadin bai kwanta mini ba, na kira yaron na ce ya faɗa mini yadda ya yi tun daga farko. Ya ce, "Oga, a gorar ruwa na zuba, amma wallahi na yarfe ta sosai." Na ce ya zubar da na farko kafin ya tara? Ya ce a'a. Ana yayyafi? Ya yi shiru, sannan ya ce kaɗan-kaɗan.

Ban yi masa faɗa ba, don ban taɓa nuna masa ba. Na zaunar da shi muka yi lissafi tare. Gora mai cin rabin lita tana ɗaukar mai kusan giram 440. Ɗigon ruwa guda da ya maƙale a jikinta, a ce miligiram 20, zai ƙara wa sakamakon sama da 40 ppm. Ɗigo ɗaya tak. Ga kuma ruwan da ke taruwa a bakin bawul na ƙasa, wanda shi ne farkon abin da ya shiga gorar. ₦40,000 sun tafi, mako guda ma ya tafi.

Litinin, 18 ga Agusta

Na samo kwalaben gilashi masu duhu guda huɗu, aka wanke, aka busar a oben, aka toshe tun da zafinsu. Yau da ƙarfe bakwai, kafin a tayar da injuna, na ɗebi samfuri da hannuna yaron na kallo. Muka goge bakin bawul, muka zubar da lita biyu a bokiti, muka ɗauraye kwalbar da man kansa, sannan muka cika ta ta tiyo daga ƙasa har ya tumbatsa, don kada iska ta rage. Zafin man da ke fitowa digiri 25. Na rubuta a jikin kwalbar.

Da gangan na zaɓi safiyar Litinin, bayan ta kwana biyu kusan ba lodi.

Alhamis, 21 ga Agusta

Samfuri na biyu, ƙarfe uku na rana, injuna duka na aiki tun Litinin. Ma'aunin zafin saman tanki digiri 58, man da ya fito ta ƙasa digiri 48. Na cika kwalba biyu, na aika ɗaya tare da ta Litinin, na ajiye ɗaya a kabad. Gwaji biyu da awon tsamin mai ₦85,000.

Laraba, 27 ga Agusta

Na Litinin 16 ppm. Na Alhamis 41 ppm. Tanki ɗaya, mai ɗaya, kwana uku tsakani.

Manaja ya ga takardun kafin ni. Ya ɗaga ta Litinin ya ce, "Injiniya, ai ga shi sun rubuta yana da kyau, ƙasa da 30. Wannan ta biyun ƙila kuskure suka yi." Na ce, "Yallaɓai, duka biyun gaskiya suka faɗa, ka ba ni minti goma."

Ga abin da na bayyana masa, kuma shi ne dalilin wannan aiki baki ɗaya. Mai ba ya son ruwa, takarda kuwa kamar auduga take. Kusan duk ruwan da ke cikin taransifoma, wajen kashi 99 cikin ɗari, a jikin takarda da kwalin da ke raba naɗin wayoyi yake zaune. In ta yi zafi takardar ta saki kaɗan ya shiga mai, in ta huce ta sake tsotse shi. Saboda haka awon mai da sanyi ya kan fito tas, alhali ruwan yana nan ya koma gida ne kawai.

Sannan ƙarfin mai na riƙe ruwa yana bin zafi. Sabon mai a digiri 20 yana ƙoshi a wajen 55 ppm, a digiri 40 wajen 120, a digiri 60 wajen 240. A digiri 25 iyakarsa kamar 68 ce, don haka 16 ɗin nan da ta faranta wa Manaja rai kusan kashi 24 cikin ɗari ce ta ƙoshi. A digiri 48 iyakar kamar 162 ce, 41 kuma kashi 25 cikin ɗari. Da na rubuta masa alƙaluman biyu gefe da gefe, ya ga magana ɗaya suke yi, kuma a teburin IEC wannan yana cikin sahun jiƙaƙƙu.

Awon da ɗakin gwajin ke yi sunansa Karl Fischer, daga masanin sinadarai Bajamushe da ya fitar da hanyar a 1935. Hanya ce mai kyau ƙwarai, tana ƙirga ruwan da ke cikin kwalbar daidai. Abin da ba za ta iya ba shi ne leƙa cikin takarda. Don wannan ake amfani da jadawalin daidaito, irin wanda Oommen ya wallafa a 1983: ka nemi ppm ɗinka a layin zafin da ka ɗiba, ya ba ka kason ruwan takarda. Na gwada da na Alhamis, ya ba ni kusan kashi 4. Amma ban yarda in tsaya a kansa ba. Jadawalin ya ɗauka mai da takarda sun zauna a zafi ɗaya har sun daidaita, taransifomar masana'anta kuwa kullum tana hawa da sauka. Ga shi kuma an gina shi a kan sabon mai, namu tsaminsa ya kai 0.16, kuma tsohon mai mai tsami yana riƙe ruwa fiye da sabo, sai jadawalin ya yi ƙari.

Na nemi a kira mai na'urar da ke auna takardar kai tsaye. Manaja ya ce zai kai wa Alhaji, mai masana'antar, maganar.

Asabar, 30 ga Agusta

Kafin a san yawan ruwan, a toshe ƙofar da yake shigowa. Sabon silika jel kilo 5, ₦42,000, na sayi mai ruwan lemo. An cika kofin mai. Tsohon jel ɗin mun gasa shi a oben a digiri 120 har ya dawo shuɗi, an zuba a gwangwani mai murfi.

Da muka kashe wuta muka hau sama, sai ga wata ƙofar. Gaskit ɗin ɗaya daga cikin bushin na 33 kV, wato tangaran ɗin da wayar wuta ke bi ta shiga tanki, ya tsage, ƙura ta haɗu da mai ta yi baƙin dabbare a gindinsa. Inda mai ke iya fita, danshi na iya shiga. Shi ma bututun da ya haɗa kwalbar numfashi da tankin sama, zarensa ya yi sako-sako. An ɗaure bututun. Gaskit sai an yanko.

Talata, 2 ga Satumba

An yanko gaskit uku a Dilimi, na roba mai jure mai, ₦18,000. Alhaji ya amince da gwajin. Injiniyan zai taso daga Abuja ranar Asabar. Kuɗin aiki ₦450,000, mota da masauki a kanmu.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yau ta yi mini ciwo.

Injiniyan ya iso jiya da daddare, ya ce hazo ya tsayar da su a Hawan Kibo. Dattijo ne mai natsuwa, ya zo da na'urar DIRANA ta kamfanin Omicron. Ƙarfe shida muka buɗe bireka, muka ja asoleta, muka sauke cajin, muka kwance kebul na ɓangarorin biyu. Aka haɗe bushin uku na 33 kV da waya ɗaya, na 11 kV ma haka. Na'urar tana tura ɗan ƙaramin wuta ta naɗin sama, ta auna abin da ya ratsa takarda da mai ya fito ta naɗin ƙasa, tankin kuma a haɗa shi da wayar gadi don duk abin da ya bi jikin ƙarfe kada ya shiga lissafi.

Aka fara, sai zanen da ke kwamfuta ya riƙa tsalle ba kai ba gindi. Ya tsayar, ya duba wayoyinsa, ya sake. Haka dai. Ya ce ƙila raɓar da ke kan tangaran ce, aka goge su da tsumma mai tsabta, aka jira rana ta ɗan fito. Aka sake, babu canji. Mun ci kusan awa uku a haka.

Can ya zagaya bayan tankin shi kaɗai, ya tsuguna, ya kira ni. "Malam, wannan fa?" Wayar da ta haɗa nutural na 11 kV da ƙasa tana nan daram. Ni na kwance kebul, ni na manta da ita, domin ta bi ta bayan radiyeta ne inda ido ba ya kaiwa. Duk abin da ya kamata na'urar ta auna yana zurarewa ƙasa ta nan. Na ce, "Baba, laifina ne." Ya ce a kawo sifana.

Muna gama kwance ta hadari ya haɗo daga gabas. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya ruwa ya tsuge, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Ya ce ba zai auna da jiƙaƙƙen tangaran ba, ga shi kuma ta huce gaba ɗaya, kuma in takarda ta yi sanyi sai na'urar ta rage saurin zagayen wutarta sosai kafin a ga abin da ake nema, awanni ke nan. Dole mu mayar da wuta kafin dare saboda aikin gobe. Abin da muka samu yau kawai shi ne mun sa sababbin gaskit kafin ruwan. Zai dawo Lahadi mai zuwa, bai ƙara kuɗin aiki ba, amma mota da masauki karo na biyu ₦95,000.

Na rubuta jerin abubuwan da za a kwance, na manna a ƙofar ɗakin bireka. Nutural ne na farko.

Lahadi, 14 ga Satumba

An yi, alhamdu lillahi. Na roƙi a bar injuna biyu su yi aikin dare don ta kwana da ɗumi. Mun kafa rumfar tamfol, mun kashe wuta ƙarfe takwas, kafin tara komai a haɗe yake. Zafin da aka shigar wa na'urar digiri 36.

Gwajin, wanda ake kira DFR, yana auna asarar wutar da ke faruwa a cikin insuleshan, wato mai da takardar da ke raba wayoyi, abin da muke ce wa tan delta, amma ba a zagaye 50 a daƙiƙa kaɗai ba kamar yadda aka saba. Yana farawa daga zagaye 1,000 a daƙiƙa ya yi ta sauka har zagaye ɗaya a daƙiƙa 1,000, wato zagaye guda ya ci kusan minti 17. Ina tsaye ina kallon zanen yana fitowa a hankali: ya ɗan kwanta, ya miƙe tsaye, ya yi ƙusumbi, ya gangara, sannan ya sake ɗagawa. Baba ya bi shi da yatsa yana nuna mini. Hawan nan na tsakiya na mai ne. Ƙusumbin yana bin yadda aka jera kwali da hanyoyin mai. Abin da ya biyo bayan ƙusumbin, can ƙasa, shi ne muryar takarda. Duk wanda ya katse gwajin kafin ya wuce ƙusumbin, man kawai ya auna.

Kwamfutar ta gwama zanenmu da na takardun da aka riga aka san ruwansu. Sakamako: kashi 3.6 cikin ɗari.

Sabuwar taransifoma tana barin masana'anta da ƙasa da kashi 1, galibi wajen rabin kashi. Ƙasa da 2 ana ce mata busasshiya. Tamu ta jiƙe, ko da yake ba ta kai inda jadawalin ya nuna ba. Na ƙiyasta takarda da kwalin cikinta a kilo 150, Baba ya ce ban yi nisa ba. Kashi 3.6 na wannan ya haura kilo 5, jarka guda ta ruwa. A cikin man kuwa, ko a 41 ppm, giram 68 ne kacal, bai cika kofin shayi ba.

Abu uku ruwan nan ke yi. Yana rage ƙarfin mai. Yana cin takarda, domin tsufanta na ƙaruwa kusan ninki biyu duk lokacin da ruwanta ya ninka, kuma ruɓewar takardar kanta na haifar da wani ruwan. Na uku shi ne kumfa: in waya ta yi zafi ruwan ya zama tururi ya fito a tsakiyar naɗi, inda wuta ta fi ƙarfi. A kashi 2 wannan na farawa wajen digiri 140, kuma yana saukowa in ruwan ya ƙaru.

Akwai na huɗu da ya shafe mu mu 'yan Jos. A Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko kusan digiri 10, inda mai ke ƙoshi a wajen 36 ppm. In wuta ta ɗauke da yamma man na ɗauke da 41 ko fiye, ya huce da sauri a cikin radiyeta kafin takarda ta tsotse, rarar za ta fita ta zama ɗigon ruwa. Da safe a mayar da wuta a kan wannan. Shi ya fi hana ni barci.

Laraba, 17 ga Satumba

Taro da Alhaji. Wani ya riga ya gaya masa tace mai na magance komai. Na ce, "Ranka ya daɗe, a tace, yana da amfani, amma giram 68 zai cire ya bar kilo 5." Ya ce a fara da shi mu gani. Na roƙi abu ɗaya: a sake awo bayan mako uku kafin a ce an gama. Ya yarda.

Asabar da Lahadi, 20 da 21 ga Satumba

Injin tace mai ya zo a bayan mota. Yana dumama man zuwa digiri 60, ya watsa shi a ɗakin da aka zuƙe wa iska, ya mayar. An zagaya man sau shida. Da aka gama, 7 ppm, ƙarfinsa 66 kV. Aiki ₦600,000, dizal na janareta ₦170,000, ƙarin mai durom ɗaya ba mu taɓa ba tukuna.

Litinin, 29 ga Satumba

Jel ɗin ƙasa ya fara canja launi kamar faɗin yatsa biyu, alamar iska na bin hanyarta. Gindin bushin a bushe.

Alhamis, 16 ga Oktoba

An ɗiba ranar Alhamis da ta wuce, ƙarfe uku, a digiri 47, don ya yi daidai da na Agusta. Sakamako yau: 34 ppm. Ƙarfin mai 46 kV. Cikin kwana 18 takarda ta mayar wa man mafi yawan abin da aka cire.

Na kai wa Alhaji takardun uku a jere, 41, 7, 34. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Injiniya, yanzu me ka gani?"

Hanya uku na gabatar. Ta farko, a kai ta wurin masu naɗi a zaro cikinta a gasa a oben. Ita ta fi tsane ruwa, amma sai mun yi hayar wata taransifomar na aƙalla mako biyu, ga haɗarin ɗagawa da saukewa ga tsohuwar takarda. Ta biyu, a dumama ta a nan a zuƙe iskar tankin. Na cire wannan da kaina, don farantinta bai nuna tankin zai jure zuƙa gaba ɗaya ba, kuma ba na so in ga radiyeta ta lotse. Ta uku, na'urar da ake maƙala mata tana kan aiki: ƙaramin famfo na jan mai a hankali ta cikin tulunan ƙwayoyin ziyolait masu kama ruwa, busasshen man ya koma ya sake jawo wani daga takarda. Watanni take ɗauka, amma injuna ba za su tsaya ba, kuma zafin lodi shi ke taimaka mata. Ita na zaɓa. Ba zan nemi a kai ta rabin kashi ba, domin takarda in ta bushe tana tsukewa, naɗin ya yi sako-sako. Kashi 2 nake nema.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na aika kwalbar nan da na ajiye tun 21 ga Agusta a yi mata awon furan, sinadarin da takarda ke saki cikin mai in tana ruɓewa, ₦60,000. Shi zai nuna yadda takardar ta tsufa. Ƙarfin zarenta ana ƙirga shi da adadin da ke kai 1,000 ko fiye in tana sabuwa, in ya sauka wajen 200 ta gama. In ya fito kusa da nan, zan ce wa Alhaji ya tara kuɗin wata taransifomar maimakon busar da wannan.

An nemi farashin na'urar busarwa daga wuri biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Legas, haya da saye. Kafin su amsa, na sa dokoki uku a ɗakin bireka: ma'aunin saman tanki kada ya wuce 65, in ya kai a sauke injin niƙa ɗaya; safiyar Litinin da bayan duk doguwar ɗaukewar wuta, a bar ta awa ɗaya ba lodi sannan a tayar da injuna ɗaya bayan ɗaya; a duba jel kowace Juma'a a rubuta. Na ba yarona littafin da kwalabe biyu. Shi zai ɗebi samfurin 6 ga Nuwamba, ƙarfe uku, da ma'aunin zafi a hannunsa.